Goge Mai Tsirkiya Goma Sha Biyu a Birnin Benis

Sana'ata fata ce. Jemammiyar fatar akuya da ta tumaki nake turawa Italiya daga Kano, shi ya sa idan watan Satumba ya kama aka buɗe baje kolin fata na Lineapelle a Milan, in dai da lafiya da biza, ina can. A wannan karon da aka tashi daga baje kolin sai na biya ta Padua in ga ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya a jami'ar garin. Niyyata in sauke masa yaji da kuka da daddawar da uwarsa ta ɗora mini, in kwana, in wuce Arzignano wajen masu jima.

Muna cin abincin dare ya ce, "Kawu, gobe Asabar, masu jima ba sa buɗewa. Zo in kai ka Benis ka ji goge."

Na ce, "Goge? Ni da furfurata? Ka san abin da kakarka za ta ce in ta ji."

Ya kwashe da dariya. "Wannan daban ne, Kawu. Babu rawa, babu liƙi, ko tari ba a so ka yi."

Wata malama a sashensu ce ta ba shi tikiti biyu saboda tafiya ta kama ta. Ni kuwa tun ina yaro nake son goge a ɓoye, in rage muryar rediyo in kara a kunne, domin a gidanmu ba kiɗan da ake ambata ba ne a gaban manya. Na ce to, mu je, gani ya kori ji.

Muka kama ɗaki a Mestre, a gaɓar tudu, don kwana a cikin Benis sai mai ƙashin arziki. Daga nan zuwa tashar Santa Lucia minti goma ne da 'yan kai a jirgin ƙasa, kuɗin bai kai Yuro 2 ba. Ana bi ta kan wata doguwar gada mai kusan kilomita 4, ruwa dama ruwa hagu, sai turakun katako da aka kafa a ciki suna nuna wa jiragen ruwa hanya. Kana fitowa daga tasha ka sauko matakala, titin da ke gabanka ruwa ne. Babu mota, babu babur, keke ma an hana. Bulo da buhun fulawa da shara da makara duk a jirgin ruwa ake ɗaukarsu. Tsibirai ne 118 da gadoji sama da 400 suka ɗinke, mazauna tsohon garin sun ragu zuwa ƙasa da 50,000 tun 2022, baƙi kuwa ba a magana. Bas ɗin ruwan da suke kira vaporetto Yuro 9.50 ne shiga ɗaya. Na biya ina ƙunƙuni, amma da muka ratsa babbar mashigar ruwan, muka wuce ta ƙarƙashin gadar Rialto, gidajen marmara suna tsaye ƙafafunsu a ruwa, sai na daina lissafi da Naira.

Ko'ina ka juya a garin nan sunan Vivaldi ne, wani shahararren mai tsara kiɗa ɗan garin. Samari da 'yan mata sanye da farin gashin kanti da rigunan zamanin da suna tsaye a bakin coci-coci suna miƙa takardar talla: Vivaldi, yau da dare. Kusan kullum kiɗa ɗaya ne, wanda ake kira Yanayi Huɗu, da aka wallafa a Amsterdam a 1725. Ko wanda bai san sunansa ba ya taɓa jinsa a waya, lokacin da kamfani ya ce masa ya dakata a kan layi. Yaron ya ja hannun rigata ya ce ba wannan muka zo ji ba, amma kafin dare akwai gidan da yake so in gani.

Muka sauka a San Zaccaria, muka bi bakin ruwan da ake kira Riva degli Schiavoni, sai ga wata farar coci tana fuskantar teku. Ita ce Pietà. Masu talla suna ce mata cocin Vivaldi, alhali bai taɓa kiɗa a cikinta ba. An aza harsashinta a 1745, shekara huɗu bayan mutuwarsa, aka gama a 1760, fuskarta ta waje ma sai 1906 aka ƙarasa. Inda ya yi aiki na gefenta ne, wurin da otal ɗin Metropole yake yanzu.

Pietà gidan tsintattun jarirai ne tun asali. Wani ɗan ɗarikar Faransiskan mai suna Pietro, mutumin Assisi, shi ya kafa shi a 1346. A jikin bango akwai wata 'yar kafa daidai shigar jinjiri, uwa ta zo cikin duhu ta ajiye ta tafi, ba mai tambayarta. A lungun da ke gefen cocin, yaron ya nuna mini wani allon dutse a bango, ya karanta yana fassara mini. Tsinuwa ce. Yana cewa Allah ya la'anci duk wanda ya kawo ɗansa ko 'yarsa gidan nan, na aure ko na waje, alhali yana da halin riƙe su, kuma ba za a yafe masa ba sai ya biya abin da aka kashe. A ƙasa an rubuta sunan Fafaroma Paul na Uku da shekarar 1548. Wato tun a wancan lokacin akwai masu hannu da shuni da suka lura cewa tarbiyyar gidan ta fi ta gidajensu. A ɗan gidan tarihin da ke harabar kuma an ajiye abubuwan da iyaye mata ke cusawa cikin zanen jariri: rabin kati, rabin hoto, rabin kwabo. Ɗaya rabin yana hannun uwar, ko wata rana hali zai yi ta zo ta haɗa a ba ta ɗanta. Waɗanda muka gani a akwatin gilashi rabi ne kawai. Na daɗe a tsaye a wurin. Har yau gidan bai daina aiki ba, yana kula da yara da iyaye mata masu rauni.

Maza ana koya musu sana'a su fita. Mata galibi suna zama, a koya musu ɗinki da saƙa, waɗanda aka ga suna da kunne kuma a koya musu waƙa da kiɗa. Irin waɗannan gidaje huɗu ne a Benis, Pietà da Mendicanti da Incurabili da Derelitti, kuma suna gasa da juna, domin kiɗan ne ke jawo attajirai da baƙi su zo su yi sadaka, wasu su bar wasiyya. Na cire hulata a ƙofa yadda na ga al'adarsu, muka shiga cocin. A sama, dama da hagu, akwai baranda da aka tsare da ragar ƙarfe mai ado. A bayan irin wannan raga matan ke tsayawa, ana jinsu ba a ganin fuskarsu sosai. Tafi haramun ne a coci a lokacin, don haka in kiɗa ya yi daɗi sai jama'a su yi ta tari da gyaran murya da shure-shuren ƙafa. Na dubi yaron na ce ashe da can tarin ne ma liƙin.

Antonio Vivaldi ɗan unguwar ne. An haife shi ranar 4 ga Maris 1678, kuma cocin da aka yi masa baftisma, San Giovanni in Bragora, tana bayan nan kaɗan, mun leƙa. A 1703 ya zama limamin coci, ana kiransa jan limami saboda launin gashinsa, a shekarar kuma Pietà ta ɗauke shi malamin biyolin, wato gogen Turawa, a kan dukat 60 a shekara, kuɗin Benis na lokacin. Ba zaman daɗi kullum aka yi ba. Duk shekara hukumar gidan ke kaɗa ƙuri'a kan aikinsa, a 1709 suka sallame shi, a 1711 suka dawo da shi. A 1723, da ya zama mai yawan tafiye-tafiye, suka yi yarjejeniya ya riƙa ba su sabon koncerto, wato kiɗan da makaɗi ɗaya ke jan gaba taro na amsa masa, guda biyu duk wata, ko da ta gidan waya ne. Mutum ne mai aiki kamar ɗan kwangila, ya bar koncerto wajen 500. Kusan 230 na biyolin ne. Na abin da muka zo ji, gogen da ake kira viola d'amore, shida ne kacal da yake jan gaba shi kaɗai, sai wasu biyu da aka haɗa shi da wasu kayan kiɗa.

Matan gidan ba su da sunan uba, saboda haka da abin kiɗansu ake kiransu. Wadda ta fi shahara ita ce Anna Maria ta biyolin. An haife ta wajen 1696, a gidan ta tashi, a gidan ta mutu a 1782. Tana 'yar shekara 16 aka saya mata biyolin na dukat 20, kashi ɗaya cikin uku na albashin da malaminta ya fara da shi. Ban da biyolin tana kaɗa viola d'amore da celo da lut da tiyorba da mandolin da cembalo, daga baya ta zama shugabar makaɗan gidan gaba ɗaya. Littafinta na kiɗa yana nan a makarantar kiɗa ta Benedetto Marcello a cikin garin, cike da koncerto, galibinsu na Vivaldi. A kan biyu daga cikin shidan nan, masu lamba RV 393 da RV 397 a kundin da Peter Ryom ɗan Denmak ya tsara, Vivaldi ya rubuta sunan abin kiɗan da manyan baƙaƙe biyu a tsakiya, AMore, farkon sunanta ke nan. Wadda ta yi aure daga gidan sai mijin ya yi alkawarin ba za ta ƙara kiɗa a bainar jama'a ba. Anna Maria ba ta fita ba.

Da rana muka ci kifi da taliya a tsaye, muka leƙa tsohuwar cocin San Maurizio da aka mayar gidan ajiye kayan kiɗan da, shiga kyauta. Muka sami wani lungu da ya ƙare a bakin ruwa, na shimfiɗa 'yar dardumar aljihu na yi ƙasaru, wani mai kwalekwale ya wuce ya ɗaga mini hannu.

Wurin kiɗan wani tsohon zaure ne mai rufin katako, kujerun ba su fi ɗari ba, ba su ma cika ba. Babu lasifika ko ɗaya. Yaron ya dage sai mun zauna a layi na biyu, daga baya na gane dalili. Makaɗan ba su kai goma ba, baƙaƙen kaya kawai suka sa, babu gashin kanti. Masu biyolin a tsaye suke. Mai celo ya maƙale abinsa tsakanin ƙwauri, ba shi da tsinken ƙarfen nan da na zamani ke kafawa a ƙasa. Akwai cembalo, mai kama da fiyano amma tsirkiyarsa tsinkarta ake yi ba dukanta ba, akwai kuma mai tiyorba, wanda wuyan abin kiɗansa ya kusa tsawon mutum, har na ji tsoron zai tsokane wa na kusa da shi ido.

Sai wata mata mai matsakaicin shekaru ta fito riƙe da viola d'amore. Daga nesa za ka ce biyolin ne da ya ɗan yi girma. Da ta juya shi na ga bambancin. Kafaɗunsa a zube suke, bayansa a shafe, ramukan da ke cikinsa an yanka su da siffar harshen wuta, wuyansa kuma ya ƙare da dogon kai mai kunnuwan katako goma sha biyu, shida dama shida hagu. A can ƙarshe an sassaƙa kan yaro an ɗaure masa ido da ƙyalle, shi ne gunkin soyayya na tatsuniyar Rumawa.

Ta fara saita tsirkiya, aka yi ta saitawa. Ta murɗa wannan, ta kara kunne, ta murɗa waccan, mai cembalo yana ba ta murya. Wani Ba'amurke da ke bayanmu ya duba agogo. Ni ban gaji ba, don mai sayen fata ya saba da jira.

Koncerto irin na Vivaldi kashi uku ne: mai sauri, mai sanyi, mai sauri. Taron makaɗa su buɗe da wani zubi, mai jan gaba ya fita shi kaɗai ya yi yawonsa, su dawo da amshi, ya sake fita ta wata hanya, su sake tarbarsa. Da RV 394 suka fara. Taron ya shigo da ƙarfinsa, da ɗan kaushi ma, sai suka ja baya suka bar ta. Abin da na fara lura da shi ƙanƙantar muryar ne. Ba ta cika zaure, kai ne za ka miƙa wuya. Siririya ce, da ɗan hanci-hanci. Amma duk muryar da ta ja, in ta sake ta, ba ta mutuwa nan take, wani siririn amon ƙarfe yana biyo bayanta ya rataya a iska, kafin ya ɓace ta ɗora wata a kai. A kashi na biyu, inda taron ya yi ƙasa da murya, sai ka rantse mutum biyu ne ke kiɗa, ɗaya a gabanka ɗaya a ɗakin da ke kusa. Tana kuma yawan jan tsirkiya biyu ko uku a lokaci guda, abin da biyolin ke yi da wahala, ita kuwa yana zuwar mata a sauƙaƙe. Mahaifin Mozart ya rubuta a littafinsa na koyar da biyolin na 1756 cewa abin kiɗan nan ya fi daɗi idan dare ya yi tsit. Bai yi ƙarya ba. Ko motsin kujera sai ya ci rabin muryar.

Da za su shiga na gaba sai aka koma saiti, wannan karon ya fi na farko tsawo. A nan wahalar abin take. Biyolin saiti ɗaya gare shi ko wane kiɗa za a yi. Shi wannan, a zamanin Vivaldi, ana saita shi ne daidai da muryar da aka gina kiɗan a kanta. Huɗu daga cikin shidan nan a kan muryar da Italiyawa ke kira re aka gina su, biyu a kan la. In za a tashi daga wannan zuwa waccan, sai an bi tsirkiyoyin an gyara. Yaron ya raɗa mini cewa wasu makaɗan da guda biyu suke zuwa don gudun wannan.

Na ƙarshe shi ya fi zama mini a rai, RV 540, wanda aka haɗa viola d'amore da lut, jikan ud na Larabawa. Kafin su fara, duk masu biyolin suka maƙala wani ɗan abu a kan jakin kayansu, wato ɗan katakon da ke ɗauke da tsirkiyoyi, don a dusashe muryarsu. Vivaldi ne da kansa ya rubuta a yi hakan, saboda masu jan gaban biyu duk masu ƙaramar murya ne. Ita ta ja, shi ya tsinka, ta faɗa ya maimaita, a kashi na tsakiya kuma ya koma yana yi mata shimfiɗa tana tafiya a kai. An san ranar da aka fara kaɗa shi: 21 ga Maris 1740, a Pietà, don tarbar Yarima Friedrich Christian na Saksoni, ɗan sarkin Poland. Aka ba yariman takardun ya tafi da su Dresden, suna can har yanzu. Yana cikin ayyukan ƙarshe da Vivaldi ya yi wa gidan. A shekarar ya bar Benis, inda yayinsa ya fara wucewa, ya nufi Biyana yana sa ran Sarki Charles na Shida zai riƙe shi. Sarkin ya mutu a watan Oktoba. Vivaldi ya bi shi a ƙarshen Yulin 1741, yana da shekara 63, ba shi da komai.

Da aka tashi, makaɗan ba su ɓuya ba, suna nan gaba suna naɗe kaya. Yaron ya je ya gaishe da matar ya ce kawunsa ne daga Nijeriya, mai sana'ar fata, yana so ya ga abin kusa. Ta ce bismilla da hannu, ta kawo shi dab da fuskata ta karkata shi ga fitila.

Sai a lokacin na ga sirrin. Tsirkiya shida ne a sama, su baka ke gogawa, su yatsu ke dannawa. A ƙarƙashinsu akwai wasu shida na siririyar waya, sun ratsa ta ƙananan huji a jikin jakin, sun shige ta wani rami a ƙarƙashin allon da ake danna yatsu, sun ɓullo can wajen kai. Ba baka ke taɓa su ba, ba yatsa. In aka ja murya a sama, girgizar ta bi ta jakin, duk wayar da saitinta ya dace da wannan murya sai ta kama rawa da kanta. Ta nuna mini. Ta ja tsirkiya ɗaya, ta ɗora yatsa ta kashe ta, amma amon bai tsaya ba. Ta sake ja, wannan karon ta tura gefen ƙyalle ta taɓa wayoyin ƙasan, sai muryar ta yanke ƙaf, ta koma ta biyolin mai mura. Ta ce akwai masu bakwai da bakwai, goma sha huɗu ke nan, su suka fi yawa daga baya.

Na nemi izini na taɓa ta saman da bayan farce. Ruwan zuma ce, da ɗan kaushi, in ka ƙura ido za ka ga murɗin. Hanjin tunkiya ne. Ana wanke ƙaramin hanjin, a jiƙa shi a ruwan toka, a kankare har sai farar fatar ciki ta rage, a haɗa zare da yawa a murɗe, a turara da farar wuta, a shanya, a goge da mai. Rabin aikin nan na san shi, 'yan'uwan aikin jima ne. Shekaru ina sayen fatar dabbar nan, hanjinta kuwa a tukunyar farfesu kawai na san shi. Masu kaurin an naɗe su da siririyar azurfa, dabarar da ta ɓullo a Italiya wajen 1660. Ta ce ta sama, mafi siranta, makonni kaɗan take yi ta fara tsattsagewa, kuma hanji yana shan danshi, Benis kuwa garin danshi ne, ga numfashin jama'a a zaure. Dalilin yawan saitin ke nan.

Bakan ma na karɓa na duba. Ya fi na zamani gajarta, bakinsa a tsuke, itacen ya ɗan gantsare waje maimakon ya lanƙwaso ciki. Wanda ake amfani da shi yau François Tourte na Faris ne ya daidaita siffarsa a ƙarshen ƙarni na 18, don dogon ja mai ƙarfi. Wannan tsohon ya fi iya gajerun kalmomi, kowace da nauyinta. Mazaunin haɓa ma babu, don sai wajen 1820 Louis Spohr ya ƙirƙiro shi. Gashin bakan kuwa izgar doki ce, kuma ta fito da ɗan dunƙulen ƙaro ta goga masa a gabana. Na sa yaron ya gaya mata cewa mai gogenmu ma haka yake yi, sai dai shi tsirkiyar tasa ma izga ce, guda ɗaya tak, a kan ƙwarya da aka rufe da fatar guza, kuma da ita kaɗai yake sa dandali ya rikice. Ta ce ita da goma sha biyu kullum addu'arta kada ɗaya ta saki.

A takardar shirin an rubuta cewa da kayan zamanin ake kiɗan, na tambaye ta ko nata tun na lokacin Vivaldi ne. Ta ce a'a, wani maƙeri mai rai ne ya kwaikwayi tsoho. Na asalin da suka rage galibi daga Salzburg da Munich da Prag suka fito, daga hannun irin su Johann Ulrich Eberle, da yawansu kuma suna gidajen tarihi. Ta ƙara da wani abu da ya burge ni. Masu tsofaffin kayan kiɗa sun saba saukar da saitin muryarsu zuwa girgiza 415 a daƙiƙa maimakon 440 na yau, su ma haka suka yi a daren, amma bincike ya nuna saitin Benis na zamanin Vivaldi yana kusa da 440 ɗin ne. Ga maza a cikin makaɗan, ga fitilar lantarki, ga mu muna tafi. Wanda ya ce maka abin da yarima ya ji a 1740 shi ka ji, ya ƙara gishiri. Amma ban ga wannan ya rage komai ba. A ganina amfanin tsofaffin kayan shi ne suna mayar da kowa daidai girmansa. Da tsirkiyar ƙarfe da taron mutum arba'in za a kaɗa kiɗan nan, da viola d'amore ya nutse, sai an sa masa lasifika, in an sa kuwa amon wayoyin ƙasan ya tashi daga raɗa ya koma ƙara. Da hanji da mutum tara, ba wanda ya danne wani.

Wannan ƙanƙantar murya ce ma ta kashe masa kasuwa. A zamaninsa manya sun yi masa rubutu: Bach ya sa guda biyu a kiɗansa na Linjilar Yohanna na 1724, Telemann da Graupner sun yi masa koncerto a Jamus, Attilio Ariosti ya kaɗa shi a Landan a 1716, har Istanbul abin kiɗan ya je ya shiga kiɗan fadar Usmaniyya. Da zauruka suka faɗaɗa, taron makaɗa ya ninka, mawallafa kuma suka fara son kiɗan da ke tsalle daga murya zuwa murya, abin da aka saita wa murya guda ya rasa wurin zama. Sai jefi-jefi a wasan opera, kamar na Meyerbeer a 1836 da na Puccini a 1904, kafin Paul Hindemith ya ɗauke shi da gaske a shekarun 1920.

Takardun Vivaldi su ma sun kusa bin hanyar. Bayan mutuwarsa suka yi ta sauya hannu har suka faɗa gidan dangin Durazzo na Genoa, magada suka raba su biyu. A 1926 wata makarantar 'yan ɗarikar Salesiyan a yankin Monferrato ta so sayar da tsofaffin littattafan da aka bar mata don ta yi gyaran gini, ta nemi ɗakin karatu na ƙasa da ke Turin ya yi musu kuɗi. Masanin kiɗa Alberto Gentili ya buɗe ya ga rubutun hannun Vivaldi, ya kuma lura daga lambobin cewa rabi ne. Wani attajiri, Roberto Foà, ya sayi wannan rabin a 1927 ya ba ɗakin karatun don tunawa da ƙaramin ɗansa Mauro da ya rasu. Aka bi sawu aka gano ɗaya rabin a Genoa, Filippo Giordano ya saya a 1930, shi ma da sunan ɗansa Renzo da ya rasu yana yaro. Kundi 27 ne, yawancin koncerton viola d'amore a cikinsu suke. Gentili Bayahude ne, dokokin wariya na Mussolini na 1938 suka raba shi da kujerarsa a jami'a, ana saura shekara guda a yi makon Vivaldi na farko a Siena.

Wanda hanya ta kai shi Benis yana son jin irin wannan, kada ya tsaya wajen masu gashin kanti. Ya duba takardun da ake mannawa a bangon coci da ƙofar makarantar kiɗa, ya nemi inda aka ce da kayan da za a yi, ya zauna a gaba. Ya kuma ci abincinsa kafin ya shiga. Mu da muka tsaya surutun hanji da ƙaro, mun fito mun tarar gidajen abinci sun kife kujeru, sai a Mestre muka sami shagon wani ɗan Bangaladash a buɗe, muka ci shinkafa da kaza wajen sha biyun dare.